Me ya sa Murtala ya nace sai ya shiga Anacha ta ruwa? Fashin baƙi kan Oktoban 1967

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin motar dare daga Kano zuwa Anacha saro kaya ya san wurin nan da direba yake rage gudu bayan an wuce Asaba, gari ya fara wayewa, sai ka ji ƙarar taya ta canza saboda an hau tsohuwar gadar ƙarfe. Ni ranar da na fara hawa gadar nan ina bakin taga ne, ƙarshen damina, kogin Kwara ya cika ya batse, ruwan ja-ja kamar an dama kunu, yana tafe da ciyayi da guntayen itace da gudun da ba ka zata ba, ɗaya gaɓar kuma can da nisa sai ka ƙura ido kafin ka bambance mutum da kututture. Gadar ta kai kusan kilomita ɗaya da rabi. Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin shi ne, yanzu a cikin wannan ruwan, a irin wannan watan, aka zuba samari 'yan Arewa da yawansu ko rafin ƙauyensu ba su iya ninƙaya a ciki ba, da takalmin soja da bindiga da jakar harsashi a wuya, aka ce su je su kama gari.

Wanda ya ba da umarnin kuwa mutum ne da muke ƙauna, hotonsa na kan naira ashirin, kuma har gobe in aka ambaci Murtala Ramat a Kano sai ka ji an ce Allah Ya jiƙan maza. Ni ma ina cikin masu faɗin haka. Amma dai maganar Anacha dole a yi ta yadda take, don waɗanda ruwa ya ci su ma 'ya'yan wasu ne.

Bari mu faro daga yadda aka yi rundunarsa ta tsinci kanta a bakin kogin.

Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara harbe-harbe ranar 6 ga Yuli. Tsarin gwamnatin tarayya da ke Legas a farko mai sauƙi ne, har Gowon yana kiran abin da aikin 'yan sanda: runduna ta ɗaya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta gangaro daga Arewa ta Nsukka da Ogoja ta kama Inugu, shi kenan a ɗaure masu tawaye a koma gida. Jihar Tsakiyar Yamma, wato yankin Binin da Warri da Asaba, ta ce ita ba ruwanta, ba za a yi yaƙi a ƙasarta ba, kuma sojan da ke can ɗan kaɗan ne, manyan hafsoshinsu da dama Ibo ne na gefen Asaba. To ranar 9 ga Agusta da asuba sai ga sojan Biyafara sun hau wannan gada daga Anacha a cikin manyan motoci da motocin haya, ƙarƙashin Victor Banjo, wani hafsa Bayarabe da ke tare da Ojukwu, kafin rana ta faɗi suna cikin Binin ba tare da wani faɗan kirki ba. Gwamnan jihar, David Ejoor, sai sulalewa ya yi.

Nan ne kuskure na farko a wannan labari, kuma na Biyafara ne. Banjo ya zauna a Binin kwana da kwanaki suna ja-in-ja da Ojukwu kan wa za a naɗa ya riƙe jihar, alhali hanyar Legas da ta Ibadan a buɗe suke, babu wata runduna mai ƙarfi a gabansa. Kafin ya motsa ya isa Ore, kusan kilomita 200 daga Legas, Gowon ya farga. Aka tsayar da su a Ore. Banjo bai ga ƙarshen Satumba ba, Ojukwu ya sa aka harbe shi a Inugu tare da Emmanuel Ifeajuna da wasu mutum biyu bisa zargin cin amana. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk hafsan da ya ga abin da jinkiri ya jawo wa Banjo zai fita da darasi ɗaya, cewa in ka ga abokin gaba ya ruɗe kar ka ba shi damar numfashi.

Runduna ta biyu a cikin wannan firgicin aka haife ta. Kafin yaƙi sojan Najeriya gaba ɗaya ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba, kuma an riga an rabu, na Gabas sun koma Gabas. Saboda haka da aka ce wa Murtala ya kafa runduna ya kori Biyafara daga Tsakiyar Yamma, abin da ya samu ya tattara: akawuna na ofis, kukuna, masu gadin bariki, 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, da kurata da aka ba horon 'yan makonni aka miƙa musu bindiga. Shi kansa Murtala shekararsa 28 a lokacin, an haife shi a Nuwamban 1938, kuma asalin fanninsa a soja sadarwa ne, sigina, bai taɓa jan runduna mai girman wannan ba. Kusan duk kwamandojin yaƙin haka suke, samari ne da mutuwar manyansu a juyin mulkin 1966 ta ɗaga su sama da wuri. Gowon ma shekara 32 yake.

Kuma wallahi ya yi abin a yaba masa. Da wannan tarkacen runduna ya tura Biyafara baya daga Ore, wani ɓangare ya gangaro ta Okene da Auchi, ranar 20 ga Satumba suna cikin Binin, kwana ɗaya tak bayan mutanen Ojukwu sun ayyana wai jamhuriyar Binin. Daga nan Agbor, daga nan Asaba a farkon Oktoba. Cikin mako shida ya share jiha guda. Sirrin nasarar kuwa gudu ne da matsin lamba, ba ya tsayawa jiran komai ya daidaita, kai dai a ci gaba. A Binin ma bai jira Legas ba ya shiga rediyo ya naɗa Manjo Samuel Ogbemudia ya riƙe jihar, sai daga baya Gowon ya tabbatar da naɗin. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma yana gaya maka irin dangantakar da ke tsakanin kwamandan da hedkwatarsa.

Sojan Biyafara da suka ja baya suka tsallaka gada suka sa mata nakiya suka karya ta ta ɓangaren Anacha. Gadar da kamfanin Dumez na Faransa ya gama a 1965, ko shekara biyu ba ta cika ba. A daidai waɗannan kwanakin kuma, ranar 4 ga Oktoba, Inugu ta faɗa hannun runduna ta ɗaya, Laftanar Kanar Theophilus Danjuma ne ya ja dakarun da suka shiga, gwamnatin Ojukwu ta kwashe ta koma Umuahia.

To ga Murtala a Asaba, ga Anacha yana hange da idonsa, ga ruwa a tsakani. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko ita ce wadda hedkwatar soja a Legas ta ba shi shawara: ya bar wasu dakaru su tsare Asaba, ya kwashi sauran ya yi arewa ta bakin kogi zuwa Agenebode, ya tsallaka zuwa Ida, garin Attah na Igala, sama da kilomita 100 daga Anacha, inda gaɓar duka biyu na hannun gwamnatin tarayya ne, babu mai harbinsa yana tsakiyar ruwa. In ya tsallaka sai ya bi ta ƙasar da runduna ta ɗaya ta riga ta kama, ya gangaro wa Anacha ta tudu, da motocinsa da igwoginsa da abincinsa a bayansa. Aibin wannan hanya ɗaya ne, tana cin lokaci, makonni.

Ta biyu ita ce a zuba soja a jiragen fito da kwalekwale a nufi Anacha kai tsaye.

Mutane da yawa in suna ba da labarin nan sai su ce taurin kai ne kawai, a wuce wurin. Ni ina ganin in ba mu tsaya mun ga hujjarsa ba, ba za mu gane kuskuren ba. A makon farko na Oktoba Biyafara tana cikin mafi munin halin da ta shiga tun fara yaƙi. Babban birninta ya faɗi, rundunar da ta tura yamma ta dawo a tarwatse, ana ta kame-kamen hafsoshi da sunan masu zagon ƙasa, soja ba ya yarda da kwamandansa. In Anacha ta faɗi a wannan makon, Nnewi garin su Ojukwu tana nan kusa, tafiyar kusan kilomita 20, hanyar Owerri kuma ta buɗe. Mai yiwuwa ne yaƙin da ya kai Janairun 1970 ya ƙare kafin ƙarshen 1967, kuma da yunwar da ta kashe yara ba adadi ba ta kai inda ta kai ba. Ba wauta ba ce mutum ya hango wannan. Kwamandan da ya ci jiha guda da gudu, ya kuma ga yadda zama ya kashe Banjo, dole zuciyarsa ta raya masa cewa a bugi ƙarfe da zafinsa.

Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashin wannan hujja wanda ba na dabarun yaƙi ba ne. Bin ta Ida yana nufin runduna ta biyu ta shiga yankin Shuwa, ta bi hanyoyinsa, ta nemi haɗin kansa. Shuwa da Murtala tare suka yi Barewa a Zariya, tare suka yi Sandhurst a Ingila, amma halinsu ya sha bamban kamar dare da rana, Shuwa mai taka-tsantsan ne, ba ya ɗaga ƙafa sai ya tabbatar da inda zai sauke ta, har ana yi masa ƙorafin nawa, kuma jituwa tsakanin rundunonin biyu ba ta da yawa. Ga Shuwa ya ci Inugu, ga Benjamin Adekunle da rundunarsa ta uku yana ta cin garuruwan bakin teku jaridu na ta buga sunansa. Kowane kwamanda a lokacin kamar sarki yake a ƙasarsa, shi ke neman makamansa, shi ke ɗibar kuratansa, wani lokaci har ƙwace kayan juna ake yi a tashar jirgin ruwa ta Legas.

Sannan ga babbar matsalar: wa zai ce wa Murtala a'a? Shi ne jigon juyin mulkin 29 ga Yuli 1966, lokacin da sojan Arewa suke kiran a raba, kuma da ƙyar ya amince Gowon ya hau kujera, kasancewar Gowon ne babba a cikin hafsoshin Arewa da suka rage. Gowon ya san da goyon bayan su wa yake zaune. Shi ya sa abin da ya kamata ya fito daga Dodan Barracks, fadar Gowon a Legas, a matsayin oda sai ya fito a matsayin shawara, shawara kuwa ana iya ɗauka ana iya bari. A ganina nan ne asalin inda aka yi asarar rayukan nan, tun kafin jirgi ko ɗaya ya taɓa ruwa. Laifin bai tsaya kan wanda ya ƙi ji ba, ya haɗa da waɗanda suka ga ramin suka kasa riƙe hannunsa. Cikin manyan hafsoshinsa ma akwai waɗanda suka nuna rashin yarda, sananne a cikinsu Laftanar Kanar Alani Akinrinade, wanda saɓanin ya kai shi ga barin rundunar daga baya ya koma ta Adekunle.

Yanzu mu duba me tsallaka kogi a gaban abokin gaba yake buƙata, don a nan ne lissafin gudu ya rushe. A tudu in ka tura bataliya gaba ta gamu da wuta, za ta iya kwantawa, ta ja baya, ta zagaya, ka turo mata ƙari a mota. A ruwa babu ko ɗaya. Jirgin fito ba ya ɓuya, ba ya gudu, kowa a gaɓa yana ganinsa. Kuma tsallakar farko ba ita ce wahala ba, wahalar ita ce ta biyu da ta uku da ta goma, domin sojan da ka sauke a can harsashin da ke jikinsa na 'yan sa'o'i ne, dole jirage su yi ta kai da kawo suna kai albarusai da abinci da ƙarin mutane suna kwaso masu rauni, dare da rana, har sai an tura abokin gaba nesa da inda igwarsa za ta iya kaiwa bakin ruwa. In wannan zirga-zirga ta tsaya na rabin yini, waɗanda ke can sun zama fursunoni ko gawa. Ana buƙatar jirage masu yawa da injinansu ke da lafiya, da matuƙa da suka san inda yashi yake da inda ruwa ke juyawa, da sojan da aka koya wa shiga da fita jirgi, da kuma uwa uba a ɓoye wa abokin gaba inda za a sauka. Runduna ta biyu ba ta da ko ɗaya cikakke. Jiragen 'yan kaɗan ne, na fito da na dakon kaya da aka tattaro. Watan Oktoba kuma shi ne lokacin da Kwara take kan ganiyar cikarta a wannan yanki. Batun ɓoyewa kuwa babu shi, an kwashe kwanaki ana luguden igwa kan Anacha daga Asaba, wanda ya zama kamar aika goron gayyata cewa ga mu nan zuwa, ta nan.

Ka kwatanta da Adekunle. Shi ma ta ruwa ya kama Bonny a Yuli, ya kama Kalaba a cikin wannan watan na Oktoba, amma da jiragen yaƙin sojan ruwa a bayansa suna buɗe masa wuta, da jirgin sauke dakaru, da mutanen da aikinsu ke nan. Murtala ya so ya yi irin wannan aiki ba tare da kayan aikin ba.

Kuma a cikin waɗannan kwanaki na jira ne aka yi abin da ba zan tsallake shi ba ko da yana da ɗaci. Ranar 7 ga Oktoba mutanen Asaba suka fito cikin fararen kaya suna rawa suna kiran Najeriya ɗaya don nuna mubaya'a, a unguwar Ogbe-Osowa sojan runduna ta biyu suka ware maza da samari daga mata suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka binne su a manyan ramuka. Farar hula ne, ba su ɗauke da makami, kuma babu wata hujjar yaƙi ko ta addini da ta halatta wannan. Mu da muke jin zafin abin da aka yi wa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da su Maimalari a Janairun 1966 ya kamata mu fi kowa gane zafin da mutanen Asaba ke ji har yau. Ta fuskar yaƙi ma abin ya cutar da rundunar, domin waɗanda suka tsira suka tsallaka da labari, duk wanda ke riƙe da bindiga a Anacha ya san cewa miƙa wuya ba zai cece shi ba, kuma rundunar da horonta ya lalace har ta yi wannan, to alama ce hafsoshi ba su riƙe da linzamin mutanensu. Ba a yi mako guda ba wannan rashin linzami ya bayyana a ɗaya gaɓar.

Ranar 12 ga Oktoba aka tsallaka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsallakar farko ta yi nasara. Duk da wutar da aka yi musu a ruwa, dakarun farko sun sauka, masu tsaron bakin kogi suka ja baya, sojan tarayya suka shiga cikin gari. A wannan sa'ar abin da ya wajaba shi ne a wuce gari a kama tuddai da mashigan hanyoyi, hanyar Inugu da hanyar Owerri, a haƙa ramuka a zauna, a tsare bakin ruwa don na baya su iso. Maimakon haka sai soja suka watse cikin babbar kasuwar Anacha, wadda a lokacin tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ana ɗibar ganima, daga baya wuta ta kama kasuwar. Ka tuna su waye waɗannan, yara ne da wata biyu baya suna gona ko suna dako, ba su taɓa ganin dukiya tare a wuri ɗaya haka ba, kuma babu isassun sajan-sajan ƙwararru da za su daka musu tsawa su dawo layi.

Wannan 'yan sa'o'in su Biyafara suke nema. Kanar Conrad Nwawo ne ke riƙe da yankin, ga Joe Achuzia wanda daga wannan faɗan sunansa ya fito, ga Assam Nsudoh da bataliyarsa, suka tattara mutanensu suka dawo wa garin ta hanyoyi biyu suka matse sojan tarayya zuwa bakin ruwa. Ƙarin dakaru da albarusai da ake jira daga Asaba ba su iso yadda ake buƙata ba, jirage sun lalace, wasu an harbe su. Harsashi ya ƙare. Gaba wuta, baya Kwara. Wasu aka kashe, wasu aka kama, da yawa suka faɗa ruwa da kayan jikinsu.

A unguwarmu akwai wani tsoho da muke kira Baba Soja, ya yi yaƙin a wannan runduna, yana gadin wani shago har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya ba da labarin yaƙi ko an tambaye shi. Abin da na lura da shi tun ina yaro shi ne ko biki ake a ƙauyen da sai an shiga kwalekwale, shi ba ya zuwa, sai ya ba da gudummawarsa a kai. Sai da na girma na karanta abin da ya faru a Anacha na haɗa biyu da biyu.

In da a nan aka tsaya, da sai a ce caca ce aka yi aka faɗi, kuma kowane kwamanda yana da irin wannan ranar. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne an sake. Aka yi yunƙuri na biyu, aka yi na uku, a wuri ɗaya, da salo ɗaya, alhali duk hujjar da ta sa na farko ya zama abin a duba ta riga ta tafi. Ruɗanin Biyafara ya wuce, sun ɗanɗana nasara, sun san inda jirage ke fitowa, sun gyara bindigoginsu suna kallon ruwa. Waɗannan na baya ko sauka ta kirki ba su samu ba, a tsakiyar kogi aka tare su, jirgin da ke ɗauke da mai da albarusai in harsashi ya same shi kuwa ba sai an faɗa ba. Na farko za ka iya kiransa lissafin da bai fita ba. Na biyu da na uku ni ban ga abin da zan kira su ba sai zuciya, irin ta mutumin da bai saba a kayar da shi ba. Kuma har a lokacin Legas ba ta iya cewa ya isa ba.

A ƙarshe dai hanyar Ida aka bi. Wajen ƙarshen shekara aka sake gina rundunar da sababbin kurata, aka tsallaka ta can lafiya lau, aka bi ta yankin Inugu, aka yi ta gwabzawa ta Udi zuwa Awka, Biyafara na ja da baya suna karya gadoji suna sare itatuwa a hanya. Anacha ta faɗi ranar 21 ga Maris 1968. Wata biyar da 'yan kwanaki bayan ranar da aka so a kama ta cikin dare ɗaya, kuma gari ne da mutanensa suka riga suka gudu.

Ko a wannan tafiyar ma halin bai canza ba, a ci gaba kawai, abin da ke gefen hanya a bar shi. Rundunar ta miƙe a kan titi ɗaya siriri daga Inugu zuwa Anacha, sama da kilomita 100, daji da ƙauyukan hagu da dama kuwa suna hannun Biyafara. Ranar 31 ga Maris wata kwambar motoci kusan ɗari, ɗauke da albarusai da abinci da mai da sojoji, ta taso za ta kai wa na Anacha kaya. A Abagana, tsakanin Awka da Anacha, Manjo Jonathan Uchendu ya yi musu kwanton ɓauna da mutanensa, da makaman da Biyafara ke ƙerawa da kanta, irin wanda suke kira ogbunigwe. Ya bar na gaba suka wuce, aka harbi tankar mai da ke cikin jerin. Motocin a manne suke da juna, titin ba faɗi, babu wurin juyawa, wuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya albarusai na tashi da kansu. Sanya tankar mai a tsakiyar motocin harsashi, a hanyar da ba a share gefenta ba, kuskure ne da ko kofur mai hankali zai hango, amma rundunar da kullum take cikin sauri ba ta da lokacin tsara kwamba. Ɗaruruwa suka ƙone a wurin, ƙarafunan motocin sun daɗe a gefen titi bayan yaƙi.

Ba a jima ba Murtala ya bar rundunar, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓa, shi kuma ya koma fanninsa na sigina a Legas. Runduna ta biyu ta zauna a Anacha kusan a kewaye, tana riƙe da gari amma ba ta iya matsawa kudu, sauran yaƙin ba ta sake yin wani babban tasiri ba. A watan Mayun 1969 ne Gowon ya yi abin da ya kasa yi a 1967, ya sauya kwamandojin rundunonin uku a lokaci ɗaya, Obasanjo ya karɓi ta uku daga Adekunle, Iliya Bisalla ya karɓi ta ɗaya daga Shuwa, Gibson Jalo ya karɓi ta biyu.

Kudu da Anacha a kan hanyar Owerri akwai wani gari, Uli. Bayan Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968 Biyafara ta rasa filin jirginta da tasharta ta ruwa, sai suka faɗaɗa wani miƙaƙƙen yanki na titin mota a Uli suka mai da shi filin saukar jirage, da dare jirage ke sauka da makamai da abincin agaji, fitilu a kunna na ɗan lokaci a kashe. Wannan titin shi ya riƙe Biyafara har wata ashirin. Daga Anacha zuwa Uli tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, kuma rundunar da aka tanada don ta bi wannan hanya ita ce wadda aka ƙarar da ƙwararrunta a ruwa a Oktoba, aka ƙone kayanta a Abagana a Maris. Sojan tarayya ba su taka Uli ba sai a Janairun 1970, kuma daga kudu suka zo mata, dakarun Obasanjo ne, bayan jirgin Ojukwu ya riga ya tashi daga kan wannan titin zuwa Kwaddebuwa.